Yadda Na Tayar da Tsohuwar Peugeot 504 a Harabar Gida

Motar da nake magana a kanta Peugeot 504 ce salun, haɗin Kaduna, ta ƙarshen shekarun 1970, wadda wani kawuna ya yi aikin gwamnati da ita har ya yi ritaya, daga nan ta shafe shekaru a ajiye a gindin wata darbejiya a bayan gidansa da ke Zariya. Lokacin da ya amince in ɗauke ta, tayoyinta sun tsattsage sun nutse cikin ƙasa, ɓeraye sun cinye kujerar baya, injin kuwa ko an sa masa sifana ba ya motsi. 'Yan gwangwan sun sha zuwa suna tayawa a kan kilo yana korar su, saboda haka sharaɗin da ya gindaya mini guda ɗaya ne, wato kada in yanka ta kuma kada in sayar. Ni ba bakanike ba ne na sana'a, amma na yi zaman gareji ina yaro, na san sunan kaya da yadda ake riƙe su, kuma ina da fili a harabar gida inda na kafa rumfar kwano na zuba siminti a ƙasa.

Abin da ya sa irin wannan mota ta cancanci wahala shi ne yadda aka ƙera ta tun asali. An fito da 504 a Faransa a 1968, ta zama motar shekara ta Turai a 1969, kuma masana'antar haɗa motocin Peugeot ta PAN da ke Kakuri a Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta ci gaba da haɗa ta fiye da shekara ashirin bayan Turawa sun daina yin salun ɗinta a 1983. A shekarar 1975 ɗin ce direban tsere Ove Andersson ya ci gasar tseren motoci ta Safari a Kenya da ita, a kan hanyoyin da ba su fi namu kyau ba. Wannan doguwar rayuwa da ta yi a ƙasar nan ita ce ta sa har yau ake samun kayanta a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano, kuma har yau akwai dattawan kanikawa da suka san kowane noti nata ba tare da sun duba littafi ba.

Bayan an jawo ta gida, ban taɓa injin ba sai da na gama binciken bodi, domin injin da ya mutu ana iya sake shi ko a gyara, amma 504 ba ta da shasi na daban da aka ɗora mata gida a kai, bodin ne da kansa yake ɗauke da komai, idan ya ruɓe a wuraren da ke ɗaukar nauyi to babu motar. Na cire kujeru da shimfiɗar ƙasa, na ɗaga ta a kan itatuwa masu kauri maimakon jak, na bi ƙarƙashinta da sukudireba ina caka duk inda fenti ya kumbura. Mutane suna ɗauka cewa mota ba ta tsatsa a Arewa saboda bushewar iska, kuma gaskiya ne rufi da ƙofofi sun fito lafiya, sai dai ganyen darbejiya ya toshe hanyoyin da ruwan sama ke bi ya fita a gindin gilashin gaba, damina bayan damina ruwa yana gangarawa ciki yana kwanciya. Ƙasan da direba ke ajiye ƙafa ya zama raga, haka ramin but, haka kuma dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofin hagu. Wuraren da shakazoba na gaba ke ɗaurewa, waɗanda su na fi jin tsoro, sun tsira, kuma ganin haka ne ya sa na yanke shawarar ci gaba.

Kwance mota ya fi ɗaure ta sauƙi nesa ba kusa ba, don haka kafin in cire kowane abu sai na ɗauki hotonsa da waya ta ɓangarori daban-daban, in zuba notocinsa a leda, in rubuta inda suka fito a takarda in jefa ciki. Wayoyin wuta kuwa kowacce na naɗa mata salatif na rubuta sunan abin da take zuwa. Wanda bai taɓa yi ba zai ga kamar ɓata lokaci ne, amma aikin da za a yi shi a ranakun hutu kawai yana ɗaukar watanni, kuma babu ƙwaƙwalwar da za ta riƙe wane ƙaramin ƙarfe ne yake gaban wani bayan rani ya wuce damina ta shigo.

Aikin walda shi ne ya fi cin lokaci, kuma shi ne inda muka fi yin gardama da mai gyaran bodin da na ɗauko. Al'adar da aka saba ita ce a ɗora sabon falle a kan ruɓaɓɓen, a bi gefensa da wutar kabait, a shafe da fila, a fesa baƙin fenti. Idan aka yi haka aiki yana ƙarewa da wuri kuma ido ba ya gane komai, amma tsatsar da aka rufe tana nan tana ci, ga shi an ƙara mata wurin da danshi zai ɓuya tsakanin ƙarfe biyu. Na dage a yanke duk inda ya ruɓe har sai an kai ga farin ƙarfe, a yanko sabo daidai girman ramin da kauri iri ɗaya, a haɗa baki da baki. Ya ce mini, "Malam, wannan aikin da kake so ai ƙasan mota ne, wa zai leƙa?" Na ce masa, "Oga, ni zan zauna a kai, kuma iyalina za su zauna a kai." Wutar kabait tana da zafi mai yaɗuwa wanda ke lanƙwasa siririn ƙarfe, saboda haka sai ya riƙa ɗigawa nan da can yana barin wurin ya huce kafin ya dawo ya cike tsakani. Kafin a kunna wuta ko sau ɗaya na sauke tankin mai na kai shi can ƙarshen gida, domin tankin da ya shekara babu mai a ciki ma yana iya riƙe tururin da zai fashe. Da aka gama, kowane layin walda na goge shi, na shafa masa maganin tsatsa ciki da waje, na kuma buɗe ramukan fitar ruwa da ke ƙasan ƙofofi waɗanda ƙasa ta toshe.

Injin shi ne wanda Peugeot ke kira XN1, mai silinda huɗu da girman 1971 cc, wanda aka kwantar da shi a karkace a cikin mota domin bonet ya yi ƙasa. Gangar jikinsa ta baƙin ƙarfe ce, tof ɗinsa, wato murfin da ke saman injin, na alminiyam, kuma abin da ya bambanta shi da yawancin injinan Japan da yaran gareji suka saba da su yanzu shi ne silindojinsa ba a jikin gangar aka huda su ba, kofuna ne huɗu da ake zurawa a kuma zare, ruwan lagireto yana zagaya su kai tsaye. Wannan tsari alheri ne ga mai gyara a gida, tunda ba sai an kai gangar wurin masu huda ba, sai dai a sayi sabbin kofuna da fistin da ringi a haɗe. Amma yana da ƙa'idar da wani dattijon bakanike, wanda ya yi aiki a kan waɗannan motoci tun suna sababbi, ya ja mini kunne a kanta tun kafin in kwance noti ɗaya. Ya ce, "Ɗana, in ka cire tof kada ka ɗaga shi sama kai tsaye, girgiza shi gefe har ya saki, kuma muddin ba ka danne kofunan ba kada ka juya injin." Dalili shi ne kowane kofi yana zaune ne a kan siririn gasket a gindinsa, idan ya motsa ko kaɗan gasket ɗin ya tashi aiki, ruwa ya sami hanyar gangarawa cikin baƙin mai. Da yawa daga injinan 504 da ake cewa sun lalace bayan an canza musu gasket na tof, nan ne aka kashe su.

Tunda ni sake kofunan zan yi gaba ɗaya, matsalata ita ce fistin biyu da tsatsa ta manne su. Na cika su da man dizal na bar su suna jiƙa, sannan na zare kowane kofi tare da fistin ɗinsa. Karanshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, na kai wurin masu injin gogewa aka rage shi mataki na farko, na sayo metal, wato ƙarafan da yake juyawa a kansu, daidai da sabon awon, kuma ban yarda da abin da aka rubuta a kwali ba sai da aka auna a gabana. Akwai wani abu a karanshaf na wannan injin da ake yawan mantawa, wato wasu toshe da aka ɗaure a jikinsa waɗanda bayansu rami ne da dattin mai ke taruwa. Da na kwance su, abin da na tarar ya daskare har sai da na sa waya na tono shi. Wanda ya sa sabon metal bai wanke waɗannan ramuka ba, dattin shekara talatin zai saki ya bi mai ya cinye masa aikinsa.

Wurin zura sabbin kofuna na fi yin taka-tsantsan, domin dole ne bakin kowanne ya ɗan ɗara saman gangar da abin da bai kai kaurin takarda ba, kuma huɗun su yi kusan daidai, ta yadda tof zai danne su gaba ɗaya. Ana daidaita wannan ne da gasket na gindi masu kauri daban-daban, a sa, a auna, a cire, a canza, har sai ya zauna. Na sa sabuwar sarƙar tayimin da abin da ke ɗame ta, na wasa bawul a mazauninsu da hannu, na ɗaure tof daga tsakiya zuwa waje da sifana mai awo wadda na aro, ba da ƙarfin dantse ba kamar yadda ake yi a bakin titi. Ratar bawul kuwa ana saita ta injin yana sanyi, milimita 0.10 ga na shigar mai, 0.25 ga na fitar hayaƙi.

A daidai wannan gaɓa ce abokai suka fara kawo shawarar in jefar da wannan injin in sa babba, tunda ƙarfinsa bai kai na doki 100 ba. Ni ma abin ya daɗe yana burge ni, domin abin da ya fara sa mini sha'awar wannan aiki shi ne labarin motocin da Amurkawa ke kira hot rod. Tun a shekarun 1930 matasan kudancin Kalifoniya suke sayen tsofaffin Ford masu arha, su cire duk abin da ke ƙara nauyi, su ƙara wa injin ƙarfi a garejin gida, su tafi busassun tafkuna irin su Muroc da El Mirage su gwada gudu. Ford ta 1932, wadda ta kawo injin V8 mai silinda takwas ga talaka, ita ce ta zama abin nemansu, daga baya ƙaramin V8 na Chevrolet da ya fito a 1955 ya mamaye fagen, kuma a 1951 wani mai suna Wally Parks ya kafa ƙungiyar masu tseren hot rod ta NHRA domin a janye tseren daga titunan gari zuwa filin da aka tanada. Sai dai waɗancan motoci suna da shasi na daban da ake iya ƙarfafawa ko a sake shi, kuma mai su yana da inda zai sayi birki da giya da aksul da suka dace da sabon ƙarfin. A 504 kuwa akwai wani dogon bututun ƙarfe da ya haɗa giyabos da difirenshal, sandar da ke juya tayoyin baya tana cikinsa, kuma a kan wannan tsari aka gina yadda motar ke zama a hanya. Duk wanda zai sa baƙon inji sai ya yanka wannan, ya yanka mazaunin inji, ya ƙirƙiro abin da zai maye gurbinsu da walda. Na ga irin waɗannan motoci, suna da gudu a miƙaƙƙen titi, amma rawar da suke yi a kwana ba ta ba ni sha'awa ba.

Abin da na ɗauka daga Amurkawan shi ne dabarar ɗauko kaya daga ƙanwar mota a sa wa yayarta. Peugeot 505, wadda ita ma an haɗa ta a Kaduna, ta gaji abubuwa da yawa daga 504, saboda haka na samo giyabos mai giya biyar na danginta a Panteka maimakon mai huɗu. Tsawonsu ba ɗaya ba ne, sai da na nemo bututu da sandar da suka dace da shi, wanda ya ɗauke ni yawo fiye da neman giyabos ɗin kansa. Na kuma cire tsohon dilko, wato abin da ke raba wuta ga fulogi, mai kwantak da kwandansa, na sa wanda ba ya buƙatar saiti, na wanke kafireta na sake mata duk robobi da gasket, na sa salansa sabuwa mai ɗan faɗi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya mai da ita motar tsere, amma giya ta biyar ta sa injin ya daina kuka a doguwar hanya, ta kuma rage shan mai.

Birki da ƙafafu na yi su kafin in tayar da injin, da gangan, domin na san ranar da ya tashi zuciya ba za ta bar ni in jira ba. Man birki yana jan danshi, kuma motar da ta daɗe a tsaye duk fistin ɗin birkinta sun kafe. Na sake masta, wato babban famfon birki, gaba ɗaya, na kwance na kowace taya na sa sabbin robobi, na canza duk tiyo na roba ko da waje ya nuna lafiya, tunda daga ciki suke kumbura su toshe. Bushin, shakazoba, da ƙullin sitiyari duk sababbi na sa. A nan ne mutum ke gamuwa da matsalar kayan jabu, domin roba iri biyu ce a kasuwa cikin kwali iri ɗaya, kuma sau da yawa tsohon kaya na Beljiyom da aka ciro daga wata mota ya fi sabon da ke sheƙi. Dattijon nan ya koya mini in lanƙwasa roba in duba ko ta yi fari a wurin lanƙwasar, in kuma gwada nauyin ƙarfe da na tsohon da na cire, shi ya sa ban taɓa zuwa kasuwa ba tare da tsohon a hannuna ba.

Wayarin bai ba ni wuya sosai ba, saboda motar ba ta da kwamfuta ko ɗaya. Na shimfiɗa shi a kan katako, na sake duk wayar da ɓera ya ci da mai kauri iri ɗaya, na goge wuraren da ake ɗaure waya a jikin bodi har suka yi haske, na kuma ƙara rile ga fitilun gaba domin kada duk wutar ta riƙa bi ta tsohon makunni.

Fenti na bar shi a launinsa na asali, fari mai ɗan duhu, saboda haka yake a takardun motar, kuma canza launi ko lambar inji yana nufin sai an je an gyara takardu. Sirrin fenti yana cikin gugar da ke gabansa, don haka na shafe makonni da samfefa da ruwa, ina shafa tafin hannu a kan ƙarfe domin hannu yana jin kwarin da ido ba ya gani. Fila kaɗan na yarda a sa, inda guduma ta kasa kaiwa kawai. Na ƙi yarda a fesa a lokacin hunturu saboda ƙurar da ke sauka ko'ina, na jira har ruwa ya kwantar da ita, muka kewaye rumfar da leda, muka jiƙa simintin, mai fenti ya fara da sassafe kafin iska ta tashi.

Ranar tayarwa na cire fulogi, na yi ta ba shi kik har fitilar mai ta mutu, alamar mai ya zagaya ko'ina, sannan na mayar da su. Wutar wannan injin tana bin 1-3-4-2 ne, kuma Peugeot tana fara ƙirga silinda daga baya, ta wajen giyabos, abin da ke rikita wanda ya saba da motocin Japan. Ya yi tari, ya kama, hayaƙin man da na shafa wa sassa ya cika rumfar sannan ya washe. Na bar shi ya yi zafi ina duba ƙarƙashi ko akwai ɗigo, ina zare sandar awon mai ina duba ko launinsa ya koma kamar madara, wanda shi ne zai nuna kofunan ba su zauna ba. Man ya tsaya garau.

Sabon inji ba a matsa masa, saboda haka kilomita 1,000 na farko a cikin gari da hanyar Zariya na yi su, ba na barin totur ya yi nisa kuma ba na daɗewa a gudu ɗaya. Bayan nan na zubar da mai na canza filtar mai, na bar injin ya kwana ya huce, na sake ɗaure tof da sifana mai awo, na sake saita bawul, domin sabon gasket yana lotsawa bayan ya sha zafi. Tafiyar farko mai nisa ita ce ta kai wa kawu ita ya gani, ya zagaya ta, ya buɗe bonet ya duba lambar injin, ya ce, "Madalla, nata ne ka bar mata." Idan aka haɗa abin da na kashe, ya fi kuɗin sayen wata 504 mai tafiya, kuma da lissafin riba na yi da ban fara ba. Abin da ya rage yanzu shi ne dashbod da rana ta fasa, da robar gilashin baya wadda har yau ban sami mai kyau ba, saboda haka idan hadari ya haɗu a rumfa take kwana, kuma na bar sallahu a wurin masu kaya biyu a Ƙofar Ruwa su kira ni idan an kwance wata mai lafiyayyar roba.